Yadda Za A Zaɓa Wa Tsoho Wayar Hannu

Jama'a, darasinmu na yau a kan wayar hannu ne, wadda waɗansu ke kira salula. A zamanin da, in mutum yana so ya ji labarin ɗansa da ya tafi cin rani, sai ya nemi mai rubuta masa takarda, ya ba direban mota, sa'an nan ya zauna jiran amsa. Wani lokaci a yi wata guda amsa ba ta zo ba. A cikin shekara ta 2001 aka fara sayar da layin waya irin na yanzu a Nijeriya. Kamfanonin da suka fara su ne MTN da Econet, wanda yau a ke kira Airtel. Glo ya biyo bayansu a 2003. Da fari sai mai hali ke iya sayen layi. Yanzu kuwa da wuya ka shiga ƙauyen da ba ka ji ƙarar waya ba.

Yawancinmu muna da tsofaffi a gida, ko uba, ko uwa, ko kaka. 'Ya'yansu sun watsu neman abinci, wani yana Kano, wani Legas, wani Fatakwal. In ciwo ya kama tsohuwa da tsakar dare, waya ce za ta kira mata taimako. In an aiko wa tsoho kuɗi, ta waya zai sani. Saboda haka saya masa waya wani yanki ne na kyautata wa iyaye.

Amma sau da yawa yaro ya kan kashe kuɗi mai yawa, ya sayo wa ubansa irin wayar da shi kansa ke sha'awa. Tsoho ya yi godiya, ya sa masa albarka, sa'an nan ya jefa ta cikin akwati domin ta gagare shi. Ko kuwa ta koma hannun jikoki, su yi ta wasa da ita har ta fashe. An yi hasarar kuɗi, tsoho kuma yana nan ba a jin muryarsa. Ga hanyar da za a bi don kada haka ta faru.

A FARA DA TAMBAYAR MAI WAYAR

Kafin ka tafi kasuwa, ka sami tsohon nan, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina so in sayo maka waya. Me ka ke so ka riƙa yi da ita?" In tsohuwa ce ka ce, "Inna, da wa da wa ki ke so ki riƙa magana?" Ka yi shiru ka saurari amsa. Wani kira da amsa kira kaɗai ya ke so. Wani yana so ya ji labarun duniya a rediyo. Wata tana so ta riƙa jin karatun Alƙur'ani da tafsiri. Wata kuma burinta ta ga fuskar jikanta da aka haifa a wani gari. Amsar da aka ba ka ita za ta nuna maka irin wayar da za ka nema. Matambayi ba ya ɓata.

Tsofaffi ba ɗaya su ke ba. Akwai tsohon malamin makaranta mai shekara 70 wanda ya fi jikansa iya waya. Akwai kuma mai shekara 60 wanda bai taɓa danna lamba da hannunsa ba. Kada ka yanke wa mutum hukunci don ka ga furfura.

WAYA IRI BIYU CE

Iri na farko shi ne ƙaramar waya mai madannai, wadda samari ke yi wa laƙabi da raka-ni-kashi. Tana da araha, ba ta da nauyi, tana jure faɗuwa, cajinta kuma ya kan yi kwanaki. Ana kira da ita, ana aika rubutaccen saƙo. Yawanci tana da tocila da rediyo. Waɗansu suna da gurbin memori, inda a ke zuba karatu ko wa'azi. Irinta da aka fi gani a kasuwanninmu su ne Nokia da Itel da Tecno.

Iri na biyu shi ne babbar waya mai gilashi, wadda a ke shafawa da yatsa. Da ita a ke shiga intanet. A cikinta a ke sa WhatsApp, wanda mutum zai danna ya yi magana da bakinsa, maganar ta tafi wurin ɗan'uwansa, ko da bai iya rubutu ba. Da ita kuma mutum biyu ke ganin juna suna taɗi. Sai dai tana da tsada, tana shan caji, gilashinta yana fashewa, kuma sai an riƙa saya mata data kamar yadda a ke saya wa doki dusa.

In bukatar tsoho kira ne da rediyo da tocila, ƙarama ta ishe shi, ita ce ma ta fi masa sauƙi. In yana so ya ga jikoki, akwai wuta ko sola a gidan, akwai kuma wanda zai zauna ya koya masa, to, babba ta dace. A waɗansu gidaje dabara biyu a ke haɗawa. Tsoho ya riƙe ƙarama a aljihunsa, ran Juma'a kuma a kawo masa babbar wayar gida ya gana da na nesa.

IDO

In mutum ya haura shekara 40, ganin abu na kusa ya kan fara raguwa. Shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Saboda haka a nemi waya mai manyan lambobi a kan madannanta, mai fuska mai haske. Baƙin rubutu a kan fari, ko fari a kan baƙi, ya fi sauƙin gani. A gwada ta a cikin rana, gama akwai wayar da ba a ganin kome a fuskarta in an fita waje. A babbar waya ana iya ƙara girman rubutu, sai a ƙara shi tun ranar farko. Waɗansu ƙananan wayoyi suna faɗin lamba da murya in an danna ta. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mai raunin gani.

Ku shafa lamba 5 a kan waya mai madannai. Yawanci za ku ji ɗan tudu a kanta ko a gefenta. An yi shi ne don mutum ya gane tsakiyar madannai ko a cikin duhu. Daga 5 kuwa, 2 tana sama, 8 tana ƙasa, 4 tana hagu, 6 tana dama.

In tsoho ya ce yana ganin kome kamar cikin hazo, wannan ya wuce maganar waya. Watakila yanar ido ce, kuma ana yin aikinta a asibiti mutum ya koma gani. A kai shi a duba.

KUNNE

Ji ma yana raguwa da tsufa. Ƙara iri biyu ce a waya, kowacce kuwa sai an gwada ta. Akwai ƙarar da ta ke yi in an kira, akwai kuma ƙarfin muryar mai magana. Wata waya tana da kururuwa kamar kakaki in an kira ta, amma in ka kara ta a kunne sai ka ji murya can ƙasa. Ka sa wani ya kira wayar a tsakiyar hayaniyar kasuwa. In ka ji shi sarai a nan, tsoho zai ji a ɗakinsa. A tabbata tana da lasifika, watau a danna a ji magana ba sai an kara a kunne ba. A kunna mata girgiza kuma, don in kunne bai ji ba jiki ya ji motsi a aljihu.

Game da rediyo, waɗansu wayoyi ba sa kama tasha sai an soka musu igiyar kunne. Waɗansu kuwa suna kamawa haka nan. Ta biyun ta fi wa tsoho, don igiyar nan ba ta daɗewa ta ke ɓacewa ko ta tsinke.

HANNU

Hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe da fartanya ya yi kanta. Gilashin babbar waya kuwa wani lokaci ba ya jin yatsa mai kaushi da bushewa, balle a cikin hunturu. Wani tsohon kuma hannunsa yana rawa, in ya nufi wannan sai ya taɓa wancan. Mai irin wannan hannu madannai sun fi masa, masu faɗi, masu rata a tsakaninsu, waɗanda in an danna a ke jin sun dannu. Madannin kira ya zama kore, na kashewa ja, don a bambanta su da launi.

Waya mai santsi tana zamewa. A sa mata riga ta roba. In tana da ƴar kafar igiya, a ɗaura mata igiya a rataya a wuya, ko a ɗinka mata ƴar jaka. A koya wa mai ita kulle madannai, gama wayar da ke cikin lalita ko aljihun ƴar ciki ta kan danna kanta ta kira mutane, kuɗi su ƙare a banza.

BATIR DA CAJI

A ƙauyen da babu wutar lantarki, batir shi ne ran waya. A jikin batir ko a kan kwali za ku ga lamba, a bayanta an rubuta mAh. Wannan shi ne mudun da a ke auna cikinsa. Ƙananan wayoyi da yawa suna da 1000 zuwa 2500. Manya na yanzu su kan kai 5000. Kada yawan lambar ya ruɗe ku. Babbar waya tana da babban ciki amma tana da ci, ta kan bukaci caji kusan kullum. Ƙarama kuwa ta kan yi kwana uku ko fiye.

Bari mu yi lissafi. A ce, alal misali, mai caji yana karɓar naira 100 kowane caji. Ƙaramar waya ana kai ta sau 2 a mako, watau naira 200. Babba ana kai ta sau 7, watau naira 700. Mako 52 ne a shekara. Ƙarama za ta ci naira 10,400, babba kuwa naira 36,400. Bambancinsu naira 26,000 ke nan, ba a ma yi maganar data ba. Wanda zai saya wa tsoho babbar waya, ya san da wannan nauyi tun da wuri, ya kuma shirya ɗaukarsa. In da hali a haɗa masa da ƴar sola, ya huta da aike.

A dubi bakin caja kuma. Akwai wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, in an matsa da ƙarfi ta baibai sai ya ɓata wayar. Akwai sabo wanda a ke kira Type-C, shi ko ta yaya aka juya shi zai shiga. Kada a sa waya a caji a ƙarƙashin matashi. Kada a bar ta a rana ko kusa da murhu. Batirin da ya kumbura kamar burodi a daina aiki da shi nan da nan, don yana iya kama wuta.

SABIS DA LAYI

Waya kome kyanta, in babu sabis ta zama dutse. Kada ka zaɓi layi don shi ke kamawa a birnin da ka ke zaune. Ka tambayi maƙwabtan tsohon wane layi ke kamawa a garinsu. A gwada a cikin ɗakin da ya ke kwana, ba a kan tudun bayan gari ba. Wanda ciwo ya kayar da dare ba zai iya hawa tudu neman sabis ba.

Yawancin wayoyi suna cin layi biyu. Wannan yana da amfani ga mutanen bakin iyaka, kamar na Illela da Jibiya da Maigatari, waɗanda ke da dangi a Nijar, su kan riƙe layin nan da na can. Amma ga tsohon da bai saba ba, layi ɗaya ya fi, don kada wayar ta riƙa tambayarsa da wanne zai kira. Lambar waya a Nijeriya guda 11 ce, a Nijar kuwa guda 8.

RAJISTA DA SUNAN MAI ITA

A watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN. Ita ma lamba 11 ce. Layin da ba a haɗa ba ana rufe shi. Saboda haka a kai tsoho da kansa ofishin kamfani, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a yi rajista da sunansa. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin hanya. In irin wannan layi ya ɓace, ba za a iya dawo da shi ba, don kamfani mai sunan zai nema. In kuma an taɓa yin laifi da shi, mai riƙe da shi za a fara kamawa.

Layin da aka yi watanni da yawa ba a yi aiki da shi ba, kamfani ya kan rufe shi, daga baya ya ba wani lambar. In layin nan ne banki ke aiko wa tsoho saƙon kuɗinsa ko na fansho, an shiga wahala. A riƙa sa masa kati, ya riƙa kira ko da sau ɗaya ne a mako.

A KASUWA

In da hali, ka tafi da tsohon, ya riƙe wayar da hannunsa, ya danna, ya kara a kunne. Gani ya kori ji. Ka saya a kanti tsayayye wanda za ka iya komawa gobe, kamar na manyan kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano, ko wurin dillalin da aka sani a garinku. Ka karɓi rasit mai sunan kanti da kwanan wata. Ka tambayi tsawon garanti, ka adana kwalin.

Akwai jabu da yawa masu kama da na ƙwarai. Ka danna *#06# a kan wayar. Wata lamba mai tsawo za ta fito, guda 15, sunanta IMEI. Ita ce shaidar wayar, kamar lambar mota. Ka gwama ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ka ajiye musu kayansu. In sun dace, ka rubuta ta a takarda ka ɓoye, domin in an sace wayar 'yan sanda za su tambaye ka ita.

Wayar hannu ta biyu tana da sauƙin kuɗi, amma a yi hattara. Batirinta ya riga ya gaji, watakila ma ta sata ce. Araha ba ta ado. Haka kuma tsohuwar wayar da yaro ya gaji da ita, mai fasasshen gilashi, ba ita ce kyautar da ta kamaci uba ba.

A SHIRYA TA, A KOYA MASA

Sayen waya rabin aiki ne. Ka zauna ka zuba mata lambobin 'ya'ya, da na maƙwabci na kusa, da na malamin asibiti, da na mai mota ko mai babur na garin. Ka rubuta sunaye kamar yadda tsohon ke kiran mutanen, in laƙabi ya ke kira ka sa laƙabin. Waɗansu wayoyi ana juya rubutunsu zuwa Hausa, in taku tana yi sai a juya.

Akwai wata dabara mai kyau a ƙananan wayoyi da yawa. Ana ɗaura sunan mutum a kan lamba guda, daga 2 zuwa 9. In tsoho ya danna 2 ya riƙe, sai ta kira babban ɗansa. In ya danna 3 ya riƙe, sai ta kira 'yarsa. Wanda ya san lambobi kaɗai ma zai iya wannan. Ana kuma saita ƙararrawa ta tuna masa lokacin shan magani.

Wajen koyarwa, abu ɗaya a rana ya isa. Yau amsa kira, gobe yin kira, jibi tocila. Ka bar wayar a hannunsa, kada ka fizge ka ce bari in yi maka. In ya manta ya sake tambaya, ka sake nuna masa da fara'a. Shi ma ya yi haƙuri da kai sa'ad da ka ke koyon tafiya. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

'YAN DAMFARA

Wannan shi ne abin da ya fi kome muhimmanci, ku saurara da kyau. Akwai ɓarayin da ba sa fasa gida, ta waya su ke sata, kuma tsofaffi suka fi nema. Wani zai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, a faɗa masa lambar sirri ko BVN don a gyara asusu. Wani ya ce an ci kyauta, ko an sami tallafin Gwamnati, a aiko da kuɗin rajista. Wani ya ce ɗanka ya yi haɗari yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Wani kuma ya ce ya turo wata lamba bisa kuskure, a karanta masa ita.

Banki ba ya tambayar lambar sirrin mutum ta waya. Kyautar gasar da ba ka shiga ba ƙarya ce. A koya wa tsoho amsa guda: "To, na ji, sai na yi shawara da yarana." Sa'an nan ya kashe wayar, ya kira ɗansa da kansa. Mai gaskiya zai jira, ɓarawo ne ke gaggawa. Kada kuma a rubuta lambar sirri a bayan waya ko a jikin katin banki. In wayar ta ɓace, a sanar da banki da kamfanin layi a ranar, su rufe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

LAMBOBIN DA ZA A RUBUTA

Tun shekara ta 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta mai da gajerun lambobi iri ɗaya ga dukan layuka. Kowa ya kwafe waɗannan a littafinsa, ya kuma rubuta su da manyan baƙaƙe a manna a bangon ɗakin tsoho.

*310# don ganin kuɗin da ya rage.

*311* sa'an nan lambar kati, sa'an nan #, don sa kati.

300 don magana da ma'aikatan kamfanin layi.

622 don kai ƙara wurin NCC in kamfani bai share maka hawaye ba.

112 don neman agajin gaggawa, ba a biyan kome.

In saƙonnin talla sun dami tsoho, a rubuta STOP a aika wa 2442.

Ku da ke wannan aji, kun ga amfanin karatu. Wanda ya san baƙaƙe da lambobi shi zai sa wa uwarsa kati, shi zai karanta mata saƙon banki, ba sai an kai wa baƙo ya ga sirrin gida ba. In an sayi wayar kuma, a riƙa kira. Tsoho ya fi son muryar ɗansa da wayar kanta. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, amin.

TAMBAYOYI

1. Me ya kamata ka fara yi kafin ka tafi sayen waya?

2. Faɗi amfani uku na ƙaramar waya, da amfani biyu na babba.

3. In caji naira 150 ne, ana kai waya sau 3 a mako, nawa za a kashe a mako 4?

4. Don me za a yi rajistar layi da sunan tsohon da kansa?

5. Wace amsa tsoho zai ba wanda ya tambaye shi lambar sirri?

6. Rubuta sunaye biyar da lambobin wayarsu waɗanda za ka zuba wa tsohon gidanku.